Labarin yara a kan wasan ƙanƙara: me 'yar shekara 11 za ta iya koya cikin hunturu ɗaya?

Ummu Hanan:

Assalamu alaikum 'yan uwa marubuta. Ina rubuta littafi da Hausa domin yara 'yan shekara 8 zuwa 12. Tauraruwar labarin, Nana, shekararta 11, iyayenta sun taso daga Zariya zuwa Otawa ta ƙasar Kanada saboda karatun babanta. A watan Oktoba take fara saka takalmin zamiya a kan ƙanƙara, a Maris labarin ke ƙarewa. Tsarin da na yi shi ne: a babi na uku ta faɗi ta fasa haɓa, tsoro ya shige ta, wani ɗan ajinsu mai wasan hoki (wasan da ake buga faifai da sanda a kan ƙanƙara) ya riƙa ƙarfafa mata gwiwa har ta fara jin wani abu game da shi, a ƙarshe ta yi tsallen Aksel a gasa ta ɗauki kofi. Tambayata uku. Wannan ci gaban zai yiwu cikin wata shida? Yaya zan rubuta tsoron ba tare da na cika shafi da "gabanta ya faɗi" ba? Sannan batun yaron, ina iyakar da iyaye za su yarda da ita? Tsawon littafin ma ina neman shawara.

Malam Kabiru Otawa:

Wa alaikumus salam Hajiya. Ki cire Aksel. A cikin tsalle shida da ake lissafawa a wasan, shi kaɗai ake tashinsa ana fuskantar gaba, don haka ko mafi sauƙinsa juyi ɗaya da rabi ne a sama. Sunan Axel Paulsen, ɗan ƙasar Nowe da ya fara yin sa a 1882, aka ba shi. Yaran da suka fara tun suna shekara biyar ko shida sukan yi shekaru kafin su iso gare shi, sannan shi kansa yakan ci wata da watanni ana faɗuwa. Duk yaron da ya san filin ƙanƙara, da ya ga Nana ta yi shi a wata shida zai rufe littafin.

A Kanada, mai koyo yakan shiga shirin CanSkate, mai mataki shida. Dole ne ya sa hular kwano irin ta hoki har ya gama mataki na biyar. Ki lura, hular da ba ta da ragar fuska ba ta kare haɓa, saboda haka raunin da kika zaɓa ya yi daidai. Abin da za ki gyara shi ne sanadinsa. Takalmin zamiyar ado, wato wasan tsalle da juyi irin na Nana, yana da haƙora a gaban ƙarfensa, na hoki ba shi da su. Sabon shiga yakan yi tafiya irin ta ƙasa, ya dangwala yatsu, haƙoran su cafki ƙanƙara, ƙafa ta tsaya cak jiki ya wuce gaba. Nan haɓa ke fashewa. Ɗinki uku ko huɗu ne, a cire shi cikin mako guda.

Ƙarfen da ke ƙasan takalmin faɗinsa kamar milimita 4 ne, kuma ba kaifi ɗaya gare shi irin na wuƙa ba. An rarake tsakiyarsa, ya zama yana da kaifi biyu, na ciki da na waje. (Ki rubuta "gefen ciki" da "gefen waje". Kada alƙalami ya kai ki ga "bakin ciki", ki sa yara dariya inda ba ki nufa ba.) Duk wasan a kan waɗannan gefuna biyu yake. Ana wasa ƙarfen bayan kamar awa 20 zuwa 30 na amfani. In ya dakushe, ƙafa takan sille ta gefe lokacin kwana, yaro ya zaci shi ne bai iya ba. Takalmin haya na filayen jama'a yawanci a dakushe yake, wuyansa kuma ya saki, sai idon sawu ya karkata ciki. Wannan ya ishe ki babi guda: Nana na zargin kanta, ashe takalmi ne. Sauran ƙananan abubuwa: safa siririya guda ɗaya ake sawa, mai kauri tana sa ƙafa yawo a ciki ta tada bororo. Igiya a ɗan sassauta a yatsu, a ɗaure tamau a idon sawu. Kuben roba da ake sa wa ƙarfen na tafiya a ƙasa ne kawai. In an gama sai a goge ƙarfen da tsumma a sa masa rigar yadi, wanda ya bar kuben roba a jiƙe zai tarar da tsatsa. Kuma kusan kowane mai koyo sai ya taɓa shiga fili da kube a ƙafa ya sha ƙasa nan take.

Abin da za ta iya daga Oktoba zuwa Maris, in tana zuwa sau biyu ko uku a mako: darasin farko faɗuwa da tashi ne. A lanƙwasa gwiwa, a faɗi ta gefen ɗuwawu, a sunkuyar da haɓa zuwa ƙirji, a dunƙule hannu kada wani ya bi ta kan yatsu. Tashi kuwa, a yi rarrafe, a kafa ƙafa ɗaya tsakanin hannuwa, a dafa gwiwa a miƙe. Daga nan taku gajere-gajere, zamiya da ƙafa biyu, buɗe ƙafa da haɗewa har sawu ya zana siffar lemon tsami, birki ta hanyar tura gefen ciki waje yana kankare ƙanƙara, zamiya da ƙafa ɗaya, tafiya da baya, sai harɗe ƙafa a kwana. In ta yi ƙwazo ƙwarai, za ta kai tsallen da ake kira wals: ta tashi da gefen waje na ƙafar hagu tana fuskantar gaba, ta yi rabin juyi, ta sauka da gefen waje na ƙafar dama tana tafiya da baya. Shi ne tushen Aksel, kuma tashinsa ta gaba ne, ta bisa haƙoran nan da suka kayar da ita. Ga ƙarshen littafinki. Gasar ma ki musanya ta da wasan nuni da kulob-kulob kan shirya a ƙarshen kakar wasa, wajen Maris ko Afrilu, inda 'yan koyo ke fitowa rukuni-rukuni gaban iyaye.

Anti Binta Edita:

Ummu Hanan, sannu da ƙoƙari. Tsawo tukun, don shi ne mai sauƙi. A kasuwar Amurka da Kanada, labarin rayuwar yau da kullum na 'yan 8 zuwa 12 yakan kama daga kalma 30,000 zuwa 45,000. Ga yaron da bai saba karanta doguwar Hausa ba, ni zan ce ki tsaya wajen 20,000 zuwa 25,000, babi 20 zuwa 25, kowane kusan kalma dubu. Shekara 11 ta yi, domin yara sun fi son tauraron da ya ɗan girme su.

Inda na ga matsala shi ne yaron. A tsarinki shi ne maganin tsoron, kuma wannan gini ne da aka ɗauko daga littattafan soyayya na manya, inda namiji ke zuwa ya warware. A littafin yara, mai matsala ita ke warware abarta. In aka cire yaron daga labarin, ya kamata Nana ta iya yin tsallenta duk da haka. Ki gwada: ki ja layi a kan duk wurin da ya fito, ki karanta abin da ya rage. In labarin ya rushe, kin ɗora masa kayan da ba nasa ba.

To me ya rage masa? 'Yar shekara 11 ba ta san sunan abin da take ji ba, kuma ke ma kada ki raɗa masa suna. Kalmar "so" ko "soyayya" kada ta fito daga bakinta ko bakin mai ba da labari. In za ta fito, daga bakin ƙawa mai tsokana ko ƙane mai tonon silili za ta fito, Nana ta musa da zafin da ya wuce kima. Abin da za ki nuna shi ne lura. Ta san igiyar takalminsa ja ce. Ta san wane benci yake zama. Ta shirya magana tun a gida, da ya ce mata sannu sai ta amsa da abin da ba a tambaye ta ba, ta kwana tana jin haushin kanta. Ba wasiƙa, ba kyautar turare, ba zance a keɓe, ba kwatanta idanu da gashin gira. Haɗuwarsu duk a fili cike da mutane. Mafi nisan da za ki je shi ne ya miƙo mata sandar hoki ta kama ta tashi, ko ya buga sandarsa a jikin katangar fili lokacin da ta sauka daga tsalle, wanda shi ne tafin 'yan hoki. Uba zai karanta wannan ga 'yarsa da dare ba tare da ya tsallake shafi ba.

Amfanin yaron na gaske shi ne ya ƙara nauyin tsoron. Kafin shi tsoron ciwo take yi, bayan shi ta ƙara da tsoron a gan ta a ƙasa. Tsoro biyu ne daban, kuma na biyun mai karatunki a Kano ko Maraɗi ya san shi sarai, ko da bai taɓa ganin ƙanƙarar da ta wuce ta cikin leda ba. Kunya ce. Ta nan za ki riƙe shi. Kada kuma ki manta da ƙawa mace. A wannan shekarun ɓatawa da ƙawa ya fi komai ciwo, ya kamata ya fi batun yaron yawan shafi.

Bayanin wasa kuma ki sa shi a bakin koci lokacin da ake yi, jimla ɗaya ko biyu. Duk sabuwar kalma a bayyana ta sau ɗaya, a ci gaba da amfani da ita.

Ɗan Manitoba:

Tunda akwai ɗan hoki a ciki, ga abin da za ki kiyaye Hajiya. In shekararsa 11 ko 12, a rukunin 'yan ƙasa da 13 yake. A Kanada an haramta bangazar jiki da gangan a wannan rukunin tun 2013, sai a na 'yan ƙasa da 15 ake farawa, don haka kada ki rubuta an maka shi da katanga alƙali ya yi shiru. Laifi ne, zaman minti 2 a akwatin horo ko fiye. Mutum shida ne kowane ɓangare har da gola, wasa zubi uku. Ɗan wasa ba ya daɗewa a fili, ƙasa da minti ɗaya ko kusan haka sai a canza shi, ana cikin wasa. Abin da ake bugawa faifan baƙar roba ne mai tauri, faɗi inci 3, kauri inci 1, nauyi wajen giram 160 zuwa 170. Kaya: hular kwano mai ragar fuska, makarin wuya, na kafaɗa, na gwiwar hannu, safar hannu, wando mai katifa, makarin ƙwauri. Makarin wuya dole ne ga yara a Kanada, Amurka ma ta wajabta shi ga 'yan ƙasa da 18 daga Agustan 2024, bayan ƙarfen takalmi ya yanki wuyan Adam Johnson a wani wasa a Shafil ta Ingila a Oktoban 2023 ya rasu. Jakar kayan nan warinta sananne ne, yara za su so wannan.

In kina so yaron ya sami nasa raunin zuciyar, ki mai da shi gola mai runtse ido in faifai ya taso sama. Gyaransa a hankali ake yi: koci ya fara jifansa da ƙwallon tanis a kan hula, sannan faifai daga nesa da ƙarfi kaɗan, ana matsowa.

Gargaɗi ɗaya. Marubuta na son kai yara kan tafki ƙanƙara ta fashe da su. In za ki yi, ki yi daidai, don yaro na iya riƙe abin da ya karanta. Ƙa'idar Red Cross ta Kanada: kauri santimita 15 ga mutum ɗaya, 20 ga taro. Ƙanƙara garau mai shuɗi-shuɗi ta fi ƙarfi, fara mai gauraye da dusa rabin ƙarfinta gare ta, mai ruwan toka kuwa akwai ruwa a cikinta, ba a hawa. Wanda ya faɗa, minti na farko numfashi ne ke ƙwace masa, aikinsa kawai ya natsu. Yana da kusan minti 10 kafin hannuwa su daina aiki. Gordon Giesbrecht na Jami'ar Manitoba ne ya yaɗa wannan lissafin. Wanda ya faɗa ɗin ya juya ta inda ya fito, ya shimfiɗa hannuwa a kan ƙanƙara, ya yi ta harbin ruwa har jiki ya kwanta, ya ja ciki ya fita, ya mirgina nesa kafin ya miƙe. Mai ceto ba ya zuwa bakin rami. Ya kira lambar gaggawa 911, ya kwanta, ya miƙa sanda ko igiya daga nesa.

Amma kina da Otawa, ba ki buƙatar tafki. Mashigin ruwan Rido da ya ratsa birnin yana zama hanyar zamiya mai tsawon kilomita 7.8. Ba a buɗewa sai ƙanƙara ta kai santimita 30, tuta kore a buɗe, ja a rufe, yawanci daga Janairu zuwa ƙarshen Fabrairu. A hunturun 2022 zuwa 2023 bai buɗe ba ko kwana ɗaya saboda sanyi bai isa ba. Ƙanƙararsa tana da tsaga da gargada, ba kamar ta cikin ɗaki ba da motar Zamboni ke aske ta ta zuba ruwan zafi cikin kamar minti 10. Mai tsoron haƙoran takalmi a nan za ta gane kurenta.

Ummu Hanan:

Allah Ya saka da alheri, Aksel ya tafi. Saura tsoron kansa, har yanzu ban ga yadda zan raba shi babi-babi ba. Kuma Nana na sa hijabi, ga azumi zai faɗo cikin labarin.

Malam Kabiru Otawa:

Tsoro a kan ƙanƙara ba sai kin shiga zuciya ba, a jiki ake ganinsa, kuma shi ke jawo faɗuwar da ake gudu. Mai tsoro yakan miƙar da gwiwa, ya kalli ƙafafunsa, ya ɗaga kafaɗu, ya riƙe numfashi. Wanda haƙora suka taɓa kayarwa yana ƙara ɗaya: yana jan jiki baya don ya nisanci gaban takalmi. Nauyi ya koma dunduniya, ƙafafu su sille gaba, a faɗi ta baya, wadda ta fi ta gaba haɗari saboda ƙeya da wuyan hannu. Ki sa wannan ya zama faɗuwarta ta biyu. Sannan tana rage gudu, alhali ƙarfe a kan gefe ɗaya ya fi tsayuwa da ɗan gudu, kamar keke. A tsalle kuwa, za ta shirya, ta zo daidai wurin tashi, sai ta zarce ta sake zagayowa. Sau goma a darasi ɗaya. Koci na gani, yara na gani.

Matakan da koci zai bi su ne babobinki. Na farko, ta koma fili da wuri bayan an cire ɗinki, ko da minti 10 ne tana riƙe da katanga, domin kowane mako na ƙauracewa yana ƙara girman abin. Na biyu, faɗuwa da gangan, sau biyar a farkon kowane darasi, da wando mai katifa. Na uku, tsallen a ƙasa da takalmin gudu har jiki ya haddace. Na huɗu, a kan ƙanƙara a tsaye, hannu biyu a katanga, sannan hannu ɗaya. Na biyar, koci na riƙe da hannunta, ko da ɗamarar da ake ɗaura wa yaro mai igiya a jikin sanda, koci na bi yana rage masa nauyi. Na shida ita kaɗai, da dokar cewa in ta shirya sai ta tashi, ko da ɗan taki ne. Ba a wuce mataki sai ya fara gundurar ta. Kalmomin tuni biyu ko uku ake ba yaro, kamar "lanƙwasa, sama, riƙe", don kai ya sami abin yi. Ki sa ta koma baya da mataki biyu a wajen kashi biyu cikin uku na littafin, ranar da yaron ke kallo. Haka abin yake faruwa.

In ta bugi kai, labari ya canza. A lardin Ontariyo akwai dokar Rowan ta 2018, wadda ta sa dole a fitar da yaron da ake zaton ƙwaƙwalwarsa ta girgiza, ba ya dawowa sai da izinin likita, mataki-mataki. Kada koci a littafinki ya ce mata ta daure ta ci gaba.

Hijabi ba matsala. Irin na wasanni ake sawa, mai kama kai, ba fil ba allura, a cusa gefensa cikin riga, hular kwano ta hau sama. Dogon mayafi da doguwar riga mai jan ƙasa ne ba a so, ƙarfe na kama su. Wando da riga mai saukowa cinya sun wadatar. Zahra Lari ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta yi gasar ƙasa da ƙasa da hijabi, har alƙalai suka rage mata maki saboda shi a Italiya a 2012. Nana na iya samun hotonta a bangon ɗaki.

Anti Binta Edita:

Malam Kabiru, mataki shida a jere zai zama littafin koyarwa. Ummu Hanan, ki nuna uku a fili, na katanga, na ɗamara, da na komawa baya, sauran ki wuce su da layi biyu. Azumi kuwa ki duba kalanda kafin ki rubuta. A 2025 ya kama ne a farkon Maris, a 2026 bayan tsakiyar Fabrairu, yana ja baya da kwana 10 ko 11 duk shekara, don haka zai faɗo daidai makonnin shirin wasan nunin. A ƙarshen Fabrairu rana na faɗuwa a Otawa kafin ƙarfe shida, ke nan darasin yamma na iya cin karo da shan ruwa. Dabino uku a aljihun jakar takalmi, ita a kan benci da kube a ƙafa, yaron ya tambaye ta ko ruwa ma ba a sha. Ki ba ta amsar da za ta yi nadamarta har ta isa gida.